Barin Giya A Karkara, Inda Likita Ya Yi Nisa

Ran kasuwa, in la'asar ta yi sanyi, ƴan kasuwa suka fara naɗe rumfunansu, akwai wani gida can bayan gari wanda a lokacin ne tasa kasuwar take fara ci. Kowa ya san gidan, amma ba a ambatarsa gaban manya. Kowa kuma ya san magidancin da zai fito daga ciki bayan isha'i yana tangaɗi, kuɗin buhun waken da ya sayar da safe sun ƙare, iyali suna can suna jiran cefane. Yara su bi shi da ihu, mata su yi zunɗensa, wani lokaci maigari ya kira shi ya yi masa faɗa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wannan: in wata rana mutumin nan ya wayi gari ya ce ya gaji, yana so ya bari, ina zai nufa, wa kuma zai kama hannunsa?

Tambayar tana da nauyi a ƙasa irin tamu. Cikin kowane mutum 100 na ƴan Nijar, fiye da 80 a karkara suke zaune. Likitocin da suka ƙware kan ciwon ƙwaƙwalwa da na maye ƴan kaɗan ne, mafi yawansu kuma suna Yamai, inda babban asibitin ƙasa yake da sashen da aka sani da suna Pavillon E. Daga Damagaram zuwa can kusan kilomita 900 ne. Talakan da ke wani ƙauye na Damargu ko na Adar ba ya da kuɗin mota, ba ya da masauki a birni, in kuwa damina ce ba ya iya barin gona. Bugu da ƙari, sunan sashen kaɗai ya isa ya firgita shi, domin a ganin jama'a wurin mahaukata ne.

Gaskiya ne Nijar tana cikin ƙasashen duniya da aka fi ƙarancin shan giya. Amma wannan ƙaranci shi ne ya sa wanda ya faɗa ciki yake ɓuya. Yana sha a ɓoye, yana jinya a ɓoye, wani ma har ya mutu ba a faɗi abin da ya kashe shi ba. Akwai masu burkutu, akwai masu ta kwalba, akwai kuma samarin da suka koyo ta wurin cin rani a biranen bakin teku ko a ramukan zinariya, suka dawo gida da ita. A duniya baki ɗaya, rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2 da dubu 600, kuma mutum miliyan 209 ne ta kama har ba su iya rabuwa da ita. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda wannan ciwo yake, da yadda mutanen wasu ƙauyuka masu nisa da likita suka yi har suka fita daga cikinsa.

Yadda ake gane wanda giya ta kama

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Maganar turke gaskiya ce, amma ba wawa kaɗai ake ɗaurewa a kansa ba. Ana samun malamin lakwal, ana samun direba, ana samun manomi mai hankali wanda ake neman shawararsa a gari. Likitoci sun daɗe da sa wannan hali cikin jerin cututtuka, kuma sun faɗi alamominsa. Mutum yana jin ƙishin giya mai tsanani wanda ke hana shi tunanin kome. In ya fara sha ba ya iya tsayawa inda ya yi niyya. Ƙwarya ɗaya da ke isarsa a da, yanzu sai uku ko huɗu. In bai sha ba jikinsa ya rikice. Ya saki gona da zumunci da sauran abubuwan da yake so a da. Yana ganin ɓarnar da take yi masa, amma bai fasa ba. Wanda ya tara uku daga cikin waɗannan alamomi shida a cikin shekara guda, giya ta kama shi, faɗa da zagi kaɗai ba za su kwance shi ba.

Ga dalili. Giya tana sanyaya jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda linzami ke riƙe doki. In ana sha kullum, wata da watanni, sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ƙara ƙarfi tana ja gaba domin ta ci gaba da aikinta duk da linzamin. Ran da aka tsinke linzamin farat ɗaya, dokin da ya saba ja da dukan ƙarfinsa sai ya zabura ba mai tsai da shi. Wannan shi ne rawar hannun da mashayi ke tashi da ita da safe, wadda ba ta lafawa sai ya kurɓa.

Sauran jiki ma yana shan wahala. Hanta ce ke sarrafa giya, kuma abin da take iya sarrafawa a awa guda bai wuce kamar giram 10 na tsantsar barasa ba, alhali kuwa babbar kwalbar giya ɗaya tana ɗauke da wajen giram 25. Da farko kitse ne ke taruwa a hanta, wannan kuwa yana bajewa cikin ƴan makonni in an daina sha. In aka ci gaba sai hantar ta ƙandare, ciki ya kumbura, ido ya yi shawara. A nan ba ta komawa yadda take, amma daina sha yana tsai da ɓarnar, ya ƙara wa mutum kwana da yardar Allah. Wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasashenmu na Sahel, hatsarinsa ya ninka. Mai yawan sha kuma ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Mace mai ciki in tana sha, abin yana taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinta har iyakar rayuwarsa.

Kwana bakwai na farko

Ƴan'uwa masu karatu, in akwai abin da za ku riƙe daga wannan shafi, to shi ne wannan: wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kowace rana, kada ya yanke ta dare ɗaya, shi kaɗai, ba da sanin ma'aikacin lafiya ba. Niyyar tana da kyau, amma tana iya kashe shi.

Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, hannu zai fara rawa, gumi ya keto, zuciya ta riƙa tashi, barci ya ƙaurace, tsoro ya kama mutum ba dalili. Cikin kwana biyu na farko wasu sukan faɗi suna shure-shure kamar masu farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu, kamar mutum 3 zuwa 5 cikin 100 sukan shiga hali mafi muni: zazzaɓi, ruɗewa, mutum bai san inda yake ba, yana ganin macizai da ƙwari a bango, yana jin muryoyi. A ƙauyukanmu in aka ga haka sai a ce iskoki ne suka buge shi, ko an yi masa sammu. A ɗaure shi da igiya, a turara masa hayaƙi, a aika neman boka, alhali kuwa ruwan jikinsa yana ƙarewa, zuciyarsa tana gajiya. Mai wannan hali asibiti za a kai shi nan take, ko da a amalanke ne. In an kai shi da wuri mafi yawa suna tashi. In kuwa ya faɗi yana shure-shure, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, kada a tura masa cokali ko ruwa a baki.

Abin farin ciki shi ne, mafi yawan masu son bari ba su bukatar babban asibiti. Tun 2010 Hukumar OMS ta fitar da littafin jagora domin ma'aikatan ƙananan asibitoci waɗanda ba ƙwararru ba ne kan ciwon ƙwaƙwalwa, kuma maganar giya tana ciki. Ma'aikacin lafiya na ɗakin shan magani yana iya duba mutum, ya ba shi maganin diyazefam na ƴan kwanaki, ana rage shi kowace rana har ya ƙare cikin mako guda, tare da bitamin B1, wanda jikin mashayi ke rasawa, kuma rashinsa ke lalata ƙwaƙwalwa. Mutum yana iya zama gidansa, in akwai amintacce mai kula da shi dare da rana, yana riƙe da maganin, yana ba shi ruwa da kunu da abinci, ana kai shi wurin ma'aikacin kowace safiya. Amma wanda ya taɓa faɗuwa ko ruɗewa a baya, da mai wani ciwo mai tsanani, da mace mai ciki, da wanda ba ya da mai jinya, waɗannan sai a kwantar da su a asibitin gunduma. Wanda kuwa ba ya da hanyar kai wa ga likita ko kaɗan, gara ya riƙa rage abin da yake sha sannu sannu cikin kwanaki da ya yanke gaba ɗaya.

Sharaɗi biyu ne a nan. Na farko, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ake sha, da yawansa, da ko ana haɗawa da taramol ko wasu ƙwayoyi, domin taramol shi ma yana kawo faɗuwa. Na biyu, kada a sayi diyazefam a hannun masu tallar magani a kasuwa. In aka haɗa shi da giya yana iya tsai da numfashi, in aka daɗe ana shansa kuma shi ma kama mutum yake.

Asibitin da ya tafi ƙauye

Akwai ƙasashen da suka riga mu neman dabara. A birnin Madaras na kudancin Indiya, wanda yau ake kira Chennai, wata mata mai suna Shanthi Ranganathan ta rasa mijinta a 1979 sanadin giya. A 1980 ta kafa cibiyar jinyar mashaya da sunansa, wadda aka fi sani da asibitin TTK. Ba da daɗewa ba ta gane abin da mu ma muka sani: manomi da ɗan ƙwadago ba su iya barin ƙauye su zo birni su kwanta wata guda. A 1989 malaman wata makaranta a ƙauyen Manjakkudi suka koka cewa yara suna barin karatu saboda shan ubanninsu. Sai ma'aikatan cibiyar suka ɗauki kayansu suka tafi ƙauyen.

Ga yadda suka tsara aikin. Mutanen gari ne masu masauki. Su ke ba da ɗakin taro, su ke nemo waɗanda ke son bari, su ke lallashin iyalai. Kafin a buɗe sansani likita yana duba kowa, ya ware masu ciwo mai tsanani ya tura su asibiti. Sauran, mutum ashirin da ɗoriya, su zauna wuri guda kwana 15, ba su biyan ko sisi. Kwanakin farko na magani ne da abinci. Bayan haka kowace rana ana zama ana bayani da harshen gari, da labarai da hotuna, domin da yawansu ba su iya karatu ba: mene ne giya ke yi wa jiki, yaya za a ce a'a in aboki ya miƙo, yaya za a biya bashi, yaya za a nemi gafarar mata da ƴaƴa. Matan aure su ma suna da nasu zama daban. In sansani ya tashi, ma'aikata suna komowa kowane wata har shekara guda, suna duba kowa, wanda bai zo ba a bi shi gida.

Abin da ya ƙarfafa wannan tsari shi ne mutum yana warkewa a gaban waɗanda suka san shi. Waɗanda suka bari bara su ne ke kawo na bana, su ne kuma shaida cewa abin mai yiwuwa ne. Ɗaki ɗaya, da ma'aikata kaɗan, da mako biyu na rani lokacin da ba aikin gona: wannan bai fi ƙarfin wata gunduma tamu ba.

Garin da ya yi wa kansa magani

Labari na biyu daga yammacin Kanada ya fito, daga wani ƙaramin gari na ƴan asalin ƙasar, mutanen Shuswap, mai suna Alkali Lake. Sunan ba ya da alaƙa da alƙalinmu na kotu. Ma'anarsa Tafkin Kanwa. Mutanen garin ƴan ɗaruruwa ne, birni mafi kusa da su kuwa yana da nisan kamar kilomita 50. Bayan shekaru da yawa na wulaƙanci, da raba yara da iyayensu ana kai su makarantun kwana na dole, giya ta mamaye garin har maƙwabta suka laƙaba masa suna Tafkin Barasa. Kusan duk wani baligi yana sha.

A 1972 wata yarinya ƴar shekara 7 ta ƙi bin mahaifiyarta gida, ta ce ba ta komawa domin iyayenta suna sha. Uwar, Phyllis Chelsea, ta koma gida ta zubar da duk giyar da ke ɗakin. Bayan ƴan kwanaki mijinta Andy Chelsea ya bi sahunta. Su biyu ne rak a garin. Wani mai ba mashaya shawara yakan zo daga birni ya zauna da su, ana yi musu dariya. Shekaru biyu na farko waɗanda suka shigo ƴan tsiraru ne.

Da aka zaɓi Andy shugaban gari sai suka ɗauki matakai. Suka hana motar da ke kawo giya shiga garin. Suka sa aka kama masu sayarwa a ɓoye, har da mahaifiyar shi shugaban. Kuɗin taimakon da hukuma ke ba talakawa, in mutum mashayi ne, aka daina ba shi a hannu, sai takardar karɓar abinci a kanti. An zage su, an yi musu barazana. Amma tsananin ya zo tare da alheri. Duk wanda ya yarda ya tafi jinya, mutanen gari su riƙe masa ƴaƴa, su gyara masa gida kafin ya dawo, in ya dawo a nema masa aiki. Suka kuma farfaɗo da harshensu da al'adun kakanninsu. A tsakiyar shekarun 1980, lokacin da suka yi fim kan labarinsu, su da kansu suka fito a ciki, suka ce mutum 95 cikin 100 na garin sun daina sha. Ba su ce an gama ba, domin daga baya wasu sun koma, matasa kuma sun zo da tasu matsala. Amma garin bai sake komawa yadda yake a da ba.

Bayan an daina

Makon farko shi ne mai hatsari, amma watannin da ke biye sun fi wuya. Barci yakan yi makonni bai daidaita ba. Rai yana saurin ɓaci. Ƙishin giya yana tasowa kamar guguwa, sai dai in mutum ya daure, ya tashi daga inda yake, ya ci abinci, ya nemi wanda zai yi magana da shi, sau da yawa kafin rabin awa ya lafa. Kowane mai bari ya kamata ya san lokutan da ƙafarsa ke zamewa: ran kasuwa, ran da kuɗin kaka suka shigo hannu, ran da aka yi faɗa a gida, da dogon zaman banza na rani. Ya sake hanyar da yake bi in ta ratsa ta ƙofar gidan giya. Ran kasuwa ya tafi da ɗan'uwa, ya komo kafin la'asar. Kuɗi ya damƙa su ga wanda ya amince da shi. Noman rani, da kiwo, da ajin yaƙi da jahilci, duk suna cike gurbin da giya ta bari.

Ya kuma riƙa yin lissafi. Wanda ke kashe dala ɗari, wato sefa 500, kowace rana, a shekara ya kashe jika 182 da rabi. Mai karatu ya auna da kansa buhun hatsi nawa ke nan, ko tumaki nawa.

Akwai magungunan da ke taimakawa kada a koma. Biyu daga cikinsu, naltirekson da akamfurosat, suna rage ƙishin giya, kuma a 2023 Hukumar OMS ta sa su cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Na uku, disulfiram, yana sa mutum amai da bugun zuciya in ya sha giya a kansa. Wannan ba a ba da shi sai da sanin mai shi da yardarsa. Zuba wa mutum shi a abinci a ɓoye hatsari ne babba. Dukansu likita ne ke rubutawa.

Amma magana ma magani ce, kuma an gwada an gani. A jihar Gowa ta Indiya an koya wa mutane waɗanda ba likitoci ba yadda za su zauna da mai sha, zama ɗaya zuwa huɗu, su saurare shi ba zargi, su taimake shi ya tsara yadda zai bari. An gwada da maza 377 waɗanda sha ya fara cutarwa, aka buga sakamakon a 2017. Bayan wata uku, cikin waɗanda aka zauna da su, 42 cikin 100 sun yi mako biyu ba su kurɓa ba, alhali cikin sauran 18 ne kawai. A birnin Zagreb kuwa, tun 1964 likita Vladimir Hudolin ya kafa ƙungiyoyin iyalai: gidaje da ba su wuce 12 ba, maza da mata, suna haɗuwa sau ɗaya a mako, awa ɗaya da rabi, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce, wanda bai zo ba a je a gaishe shi. Irin wannan zama tabarma kawai yake bukata, da inuwa, da riƙon asiri. Wanda yake shi kaɗai a ƙauyensa, wayar salula ta sauƙaƙa masa: ya sami mutum ɗaya da ya riga shi bari, ko a wani gari yake, wanda zai kira in ƙishin ya taso.

In kuwa mutum ya zame ya sha, kada a ce aikin ya lalace. Da yawa daga cikin waɗanda suka bari har abada sai da suka faɗi sau biyu ko uku. A tashe shi da wuri, a duba abin da ya ja shi, a koma wurin ma'aikacin lafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Iyali su ne na farko. Ba a yi wa mutum magana yana cikin maye, sai da safe in ya wartsake, kuma a keɓe. Wansa yana iya ce masa: “Ƙanena, jiya yaranka sun kwana ba tuwo, kuma na ga hannunka yana rawa. Gobe ni zan raka ka wurin likita.” Wannan ya fi zagi ɗari. Kada a riƙa biya masa bashin gidan giya, kada kuma a riƙa yi masa ƙarya ana rufe ɓarnarsa. In yana duka, tsiran matar da yara shi ne gaba da kome. Ta tafi gidansu, a kai magana gaban manya. Haƙuri da mai jinya daban, zama a sha duka daban.

Malamai su ma suna da babban rabo. Haramcin giya a Musulunci ba mai jayayya a kansa, amma malamai sun san cewa a hankali ya sauka, mataki uku, ga mutanen da suka saba da ita. Buhari kuma ya ruwaito labarin wani mutum da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana. Limamin da ya ja mai tuba kusa da shi a sahu, ya yi masa abin da allura ba ta yi. Haka nan shugabannin coci a inda suke. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ga ma'aikatan hukuma da sarakuna kuwa, aikin a bayyane yake. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda ake tambayar maganar giya da yadda ake jinyar makon farko. A tabbatar diyazefam da bitamin B1 ba su yanke ba. A tanadi ɗaki inda mutum zai yi magana ba a ji shi daga waje. A sa ido kan barasar da ake dafawa a ɓoye, domin wani lokaci ana samun guba mai makantarwa a cikinta: a 2010 ta kashe wajen mutum 80 a gundumar Kabale ta Uganda, a 2015 kuma ta kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya. Duk wanda ya sha irinta ya ji ganinsa yana dishi-dishi, a garzaya da shi asibiti.

Ku kuma da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, kuna da abin da maƙwabtanku da yawa ba su da shi. Ku karanta wannan shafi a dandali da majalisa, ba tare da kun nuna kowa da yatsa ba. Mai yiwuwa cikin masu saurare akwai wanda ya daɗe yana so ya bari, bai san ta inda zai fara ba. In ya same ku bayan an watse, ku rufa masa asiri, ku raka shi ɗakin shan magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana zuriya, amin.